Tiyon da Malam Ya Auna da Ni

Me ya hana ni ce masa to? Shekara tara yana tambayata abu ɗaya, duk shekara idan sanyi ya wuce, ni kuma duk shekara ina da abin faɗa. Yanzu na fita takaba, na zauna na jera dalilan nan a gabana yadda nake jera zoben roba a faranti, ban sami ko ɗaya da zai riƙe iska ba. Zulai, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In na yi kuka ki ajiye biro ki jira ni, ba na daɗewa.

Ga abin da ya sa na ce a rubuta. Ranar sadakar arba'in, ɗalibai 'yan'uwanku sun cika falon nan. Wani ya ga rigar Malam rataye a ƙusa, ya tambayi na kusa da shi sana'ar marigayi, aka ce masa gyaran kayan masu nutso a teku. Sai ya ce, "Au, hura balan-balan ke nan." Na san ba da mugunta ya faɗa ba. Suka yi 'yar dariya, suka tuna inda suke, suka haɗiye ta. Ni ina kicin amma na ji. Kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba, ni ce dai na taɓa ƙaryata shi, za mu zo wurin.

Mai nutso yana goya tukunyar iska a baya, kamar tukunyar gas amma siririya. Abin da ke riƙe tukunyar wata riga ce marar hannu mai jaka a ciki. In ya hura mata iska ta ɗago shi, in ya rage ta sauke shi, in ya daidaita sai ya tsaya a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa. Kayan duk sunan Turanci ne da su, harshena bai iya ba, sai Malam ya raɗa musu namu. Dunƙulen ƙarfen da ake ɗaurawa a kan tukunya, mai rage ƙarfin iska ya raba ta cikin tiyo, shi ne uwa. Abin da mutum ke cizawa yana shaƙa, baki. Tiyo mai gaɓa-gaɓa da ke saukowa daga kafaɗar hagu, wanda ta cikinsa iska ke shiga riga, maƙogwaro. A da kowa yana ɗaukar baki na biyu daban, na ko-ta-kwana, yana reto a gefe. Daga baya aka kawo wani abu da ake ɗaurawa a ƙarshen maƙogwaro, shi ne madannin hura riga, shi ne kuma bakin ko-ta-kwana. Malam ya sa masa suna mai aiki biyu. A kan ɗaura shi ya yi suna, har daga garuruwan bakin teku, Dahab da Gardaƙa, ake aiko masa da kaya a motar haya.

Ba da wannan sana'a muka zo Misra ba. Malam baduku ne ɗan Damagaram, ni 'yar Tanut. Ruwan da na sani na rijiya ne, sai an zura igiya har hannu ya gaji kafin guga ya taɓa shi. Jakunkunan fata ya kawo kasuwar Ataba a nan Alƙahira, da suka ƙare ya zauna a gefen shagon wani yana ɗinki. Wata rana wani tsohon mai nutso, Rayyis Galal, mai shagon kayan nutso a unguwar Dokki, ya kawo masa riga da maɗaurinta ya tsinke. Malam ya shafa ta da yatsa ya ji akwai jaka a ciki, sai ya bi gefe-gefe da basilla da zaren da ya sha kaki, bai taɓa jakar ba. Rayyis ya hura rigar da bakinsa a wurin, ya danna ta da gwiwa, ya saurara. Ya ce teloli uku sun huda masa riga kafin nan. Washegari Malam ya fara zuwa Dokki.

Shekara biyu bai kwance uwa ko ɗaya ba. Aikinsa jiƙa ƙananan ƙarafa a ruwan khal, wato ruwan tsami, ya goge koren gishirin da teku ya bari da tsohon buroshi, ya ɗauraye, ya shanya a kan farin ƙyalle. Rayyis yakan ciri gashin gemunsa ɗaya ya ɗora a kan zoben roba da gangan, ya miƙa masa ya ce ya sa. In Malam bai gani ba, ranar ba ya ƙara yi masa magana. Ya ce gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ɗaya ya isa ya buɗa wa iska hanya, kuma a ƙasan ruwa ba shagon da mutum zai koma ya yi ƙorafi.

Ni abincin rana ne ya shigar da ni. Na kai wa Malam shinkafa da wake, na tarar sun gama haɗa wasu kaya suna shan shayi. Tun daga bakin ƙofa na ce, "Wani abu yana huci a ɗakin nan." Rayyis kunnensa ɗaya ya mutu tun yana nutso, Malam kuma hayaniyar titi ta cika masa kai. Suka ce ba komai. Na ajiye kwano na bi sautin har gindin wani baki, na nuna da yatsa. Suka tsoma shi a daro, sai ga 'yan kumfa ƙanana kamar ƙwayar gero suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Rayyis ya dube ni ya ce, "Ya Sitt Asabe, gobe ki bar shinkafar, ki zo da kunnen nan." Malam kuwa tun daga ranar ya sa mini Kabtin, yadda Misirawa ke kiran masu koyar da nutso. Bai ƙara kiran sunana shi kaɗai ba.

Aikin wani likitan haƙori nake so ki rubuta, don a cikinsa sana'ar take gaba ɗaya. Farkon shekarar da gari ya rikice ne, dubu biyu da sha ɗaya, kafin a fara. Ya shigo da amaryarsa, ya sayo mai aiki biyu daga waje, ya bar mota a tsakiyar titi, yana so a ɗaura masa cikin kwatan awa.

Malam bai ko dubi agogo ba. Ya datse tsohon ɗaurin roba da filaya a hankali kar ya yanki maƙogwaro, ya zare tsohon madanni. A cikin maƙogwaro akwai siririyar waya da ke tafiya har kafaɗa, ita ke buɗe ƙofar fitar da iska idan an ja. Dole a rataye ta a kan wani ɗan fil a jikin sabon. Wanda ya manta, kayan za su yi kyau a ido, amma ranar da mai su ya ja don ya rage iska ba abin da zai buɗe, sai ya yi sama kamar ƙwaryar da aka danna cikin ruwa aka saki, huhunsa kuma ba zai ɗauka ba. Malam ya rataye ta, ya ja sau uku muna jin ƙofar tana buɗewa, ya cusa, ya ɗaure sau biyu, ya aske jelar ɗaurin don kar ta yanki yatsa.

Mai aiki biyu yana da tiyonsa na kansa mai faɗin baki. Na kullum ba ya shiga, ko ya shiga ma ba zai ciyar da ƙirjin mutum ba, don hura riga kawai aka yi shi. In ka manta shi a gida, ba wanda zai ara maka a jirgi. Shi ya sa Malam yake ɗaura masa 'yar jar fata irin tamu, ya ce wa mai kaya ko fasfo ya manta kada ya manta mai jar fata. Zoben robar da ke bakinsa ni nake zaɓa, da yatsa nake gane girmansu. Mai kuma kaɗan ake shafawa, ya yi ƙyalli kawai. Malam yakan ce kwalli ake sawa, ba ƙosai ake soyawa ba. Ya murɗa tiyon a jikin uwa da hannu, ya ƙara da sifana kamar mai gaisawa, ba kamar ɗan kokawa ba. Ya juya fuskar agogon da ke nuna iskar tukunya wajen bango ko da zai fashe, ya buɗe tukunya sannu. Daga nan kowa ya yi shiru, aiki ya zama nawa. Na bi kowace gaɓa da kunne. Sai daro, sai a hura riga ta yi tauri a ajiye ta a ga ko za ta saki. Bakin ko-ta-kwana kuma Malam yakan ɗan taurara shi, kar ya riƙa zubar da iska shi kaɗai yana reto, amma ba taurin da mai firgita zai ja ya ji kamar an toshe ba. Wannan ba a agogo yake ba. Da ƙirjinsa yake aunawa, ya shaƙa, ya murɗa kaɗan, ya sake shaƙa.

Da aka gama Malam ya ce saura a canza tiyon babban baki a sa mai tsawo. Likita ya ɓata rai, ya kira shi Usta, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan.

"Ya Usta, tiyona sabo ne. Me ya same shi?"

"Ba abin da ya same shi, ya Dokto. Gajere ne."

"Shekara uku ina nutso da shi."

"Kai kaɗai kake shaƙa a ciki. Yalla, sa rigar. Madam, iskarki ta ƙare, me za ki yi?"

Ga abin da mutane ba sa ganewa. Mai wannan kaya, idan iskar abokin nutsonsa ta ƙare, ba ƙaramin bakin zai ba shi ba, don ƙaramin a ɗaure yake a jikin riga. Wanda ke bakinsa zai cire ya miƙa, shi ya koma kan ƙaramin. Likita ya cire ya miƙa wa amarya. Tiyon bai kai ba, ta matso, goshinsu ya haɗu har tabaransa ya faɗi. Ta kama bakin a karkace, wuyanta a murɗe. Shi kuma ya ciji ƙaramin, ya so ya juya ya dube ta, abin ya fita daga bakinsa. Amarya ta tofar da nata ta ce, "Da wannan za ka cece ni? Gara ka bar ni da kifaye, su ba sa karo." Rayyis ya yi dariya har ya riƙe teburi.

Malam ya ce, "Kabtin, zo mu nuna wa likita." Ya sa riga mai dogon tiyo. Na tsaya taku ɗaya a gabansa, na ja hannu a wuyana, alamar ba iska. Ya cire bakin ya juya shi ya miƙa mini da dama, ya ɗauki ƙaramin da hagu ya ciza, sannan ya damƙi mayafina a kafaɗa. Muka tsaya ido cikin ido muna shaƙa. Da ya cire ya ce wa likita, miƙa baki rabin aiki ne, in ba ka riƙe mutum ba ruwa zai ja shi, bakin ya fita. Likita ya fita ya gyara fakin ɗin motarsa, ya dawo ya zauna.

Zulai, ke 'yar zamani ce, ba za ki san nauyin abin nan ba. A garinmu mace ba ta tsayawa gaban mijinta ido cikin ido a bainar jama'a, balle ta sa abin da ya fito daga bakinsa a nata. Ranar farko da ya ce in yi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma da haka yake auna tiyo. Ba ya amfani da awo. Duk dogon tiyon da ya fita daga shagon nan, da tazarar da ke tsakanina da shi aka auna. Akwai mutane yanzu a ƙasan Bahar Maliya da ba su san ni ba, suna yawo da tazarata a kafaɗarsu. Kuma a duk zamanmu, nan ne kaɗai wurin da ya taɓa riƙe ni a gaban mutane.

Rigar nan da ke ƙusa daga yasassun kaya ya haɗa ta. Jaka daga wata, maɗauri daga wata, inda ya tsage ya ɗinke da hannunsa. Mutumin da ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Masu kaya in sun dawo daga teku sukan tsaya ba da labari, kifi mai launin atamfa, dutse mai rai, kunkuru da ya fi tabarmar salla faɗi. Sai in ga sifana ta tsaya a hannun Malam. Ba ya tambaya da yawa, abu ɗaya yake maimaitawa: wai da gaske mutum yana tsayawa a tsakiya, ba abin da ya taka, ba abin da ya riƙe? Shekara da shekaru yana daidaita wa mutane wannan tsayuwa, yana so ya ji ta sau ɗaya a jikinsa.

Duk bazara Rayyis yana ajiye wa Malam kujera a motarsa zuwa Dahab. Malam ya ce ba a nutso mutum ɗaya, shi Rayyis ɗin ya koya masa. Rayyis ya ce, "To ni mene ne, buhun gawayi? Ni zan zama abokinka." Malam ya ce, "Tiyona ba da kai na auna shi ba." Sai ya dawo kaina.

"Kabtin, bana fa?"

"Malam, ka taɓa ganin raƙumi ya yi nutso?"

"Ban taɓa ganin an tambaye shi ba."

Wata shekara na ce bikin 'yarmu Hadiza. Wata shekara gwiwa. Wata shekara na ce ni da girmana in shiga baƙar rigar roba kamar kwaɗo a gaban maza, labari ya kai wa matan unguwarmu ta Madinat Nasr, ya kai Tanut? Ba ya musu. Sai ya ce Allah ya kai mu baɗi, ya mayar da riga ƙusa.

Bayan gari ya rikice baƙi suka ja baya, amma shekarar da ta karya mu ita ce dubu biyu da sha uku, ta dokar hana fita. Masu koyar da nutso suka baro bakin teku suka dawo Alƙahira suna tuƙa tasi. Wanda ya shigo shago ba gyara ya kawo ba, tambaya yake ko mun san mai sayen kaya. Rayyis ya rufe shago ya koma ƙauyensu, ya bar wa Malam teburin aiki da sifanu da tukunya biyu. Teburin ne wannan da kike rubutu a kai. Cika tukunya ma ya zama wahala, sai Malam ya rungume ta a mikrobas, ƙaramar bas ta haya, har Dokki. Wata rana wata mata ta leƙa buhun ta ga ƙarfe da agogo, ta ɗauka bam ne, ta yi salati, kafin ka ce kwabo mota ta zama fayau, har da direban. Wata rana kuma a shingen bincike sai da ya ɗaura uwa ya ciji baki ya shaƙa a gaban soja, sojan ma ya ce a ba shi ya ɗanɗana. Malam ya dawo yana ba ni labari yana dariya, dariyar ta ƙare da tari.

Ya koma ɗinkin takalma da jakunkunan ɗalibai. Amma kullum bayan karin kumallo sai ya buɗe akwatin sifanu ya goge su ɗaya-ɗaya ya mayar. A shekarar ya ce mini, "Kabtin, yanzu teku ba kowa. Ba mazan da za su kalle ki, kifayen ma sun yi kewar mutane." Na ce hanya ba lafiya. Wannan karon gaskiya na faɗa. Abin da ke cina shi ne na ji daɗi da ya zama gaskiya.

Wani mai aiki biyu da gishiri ya daskarar, shi ne aikinsa na ƙarshe. Kabtin Nuha ce ta kawo, wata mai koyar da nutso da ba ta taɓa kai kayanta wurin wani ba. Farkon bana ne. Ta ajiye shi a teburin nan ta ce, "Ya Usta, wannan ya mutu. In ka tashe shi naka ne." Shi kaɗai ya rage rigar Malam ta cika. Kwana tara yana jiƙawa yana kwancewa, madannin ya ƙi motsi, ya ƙi dukansa, ya ce ƙarfen da aka daka ba ya mantawa. Ran na tara ya danna, ya ji ya dawo da kansa. Ya kira Nuha a waya kamar an yi masa haihuwa.

Da ta zo ta jawo ni kicin. Ta ce, "Ya Hagga, na san abin da kike gudu. Dube ni, da ɗankwalina nake shiga. Akwai doguwar riga da ake ɗorawa a sama. Da sassafe zan kai ku inda ba kowa, zurfin bai wuce tsayin ɗakin nan ba, hannunki a nawa." Ta kwashe mini dalilai duka ta bar ni tsaye. Duk da haka na ce sai bayan Salla. Me nake jira? Wallahi ban sani ba.

Kwana uku bayan ƙaramar Salla ina tsince shinkafa, yana ɗinke jakar wani ɗalibi, bai ma tambaye ni ba. Na ce, "Malam, to." Ya ce to me. Na ce to ɗin da kake nema. Basilla ta faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Maimaita, Kabtin, kunnena ba irin naki ba ne."

Nuha ta ce masu shekarunmu sai da takardar likita, haka dokar aikinta take. Muka je tare. Ni likita bai daɗe a kaina ba. Malam kuwa ya daɗe da abin sauraro a bayansa, ya tura shi hoto, ya sa muka dawo. Ya tambayi shekara nawa yana shaƙar gam da ƙurar fata a ɗaki rufe. Ya ce huhun ya ci, ko a baho kada ya nutsar da kansa. A mikrobas, da muka kusa gida, Malam ya dube ni. Ya ce, "Ke dai kin ci jarrabawa. Ma'alish, ba komai."

Nan ne na ƙaryata kunnena. Ni da nake jin zubar iska daga bakin ƙofa, wata da watanni ina zaune kusa da ƙirjin nan ina jin yana fito siriri a ƙarshen kowane numfashi. Irin sautin da in na ji a jikin kaya ba na bari su fita shago. Na ce mura ce. Na dafa masa citta da kanumfari. Da kayan wani baƙo ne da na nuna da yatsa.

Hadiza tana ta kira daga Maraɗi in dawo gida, kuma zan koma. Nuha ta zo gaisuwa ta ce har yanzu kujerata tana nan. Na yi mata godiya. Wasu sun ce in bar rigar a nan inda take da amfani. Da ita zan tafi. Na san za a yi dariya a Tanut, tsohuwa ta dawo daga Misra da rigar shiga teku garin da ake rabon ruwa da gwangwani. Su yi.

Ranarsa ta ƙarshe a gidan nan Talata ce. Da la'asar ɗalibai suka sauko da shi a kujera zuwa asibiti, aka rufe masa hanci da baki da abin numfashi, bai ƙara cewa komai ba har hantsin Laraba da Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma safiyar Talatar nake so ki rubuta da kyau.

Bai ɗaura mai aiki biyun a rigarsa ba, ya ajiye sai jajiberin tafiya, tafiyar kuma ta fasa. Da safen ya ce in sauko da riga, in jawo tukunya kusa da gado. Ya ɗauki filaya, ya kasa matse ta, ya miƙa mini. Shekara ashirin da wani abu ina kallo, ban taɓa riƙe ta ba. Numfashinsa ba ya isar dogon zance, da yatsa yake nuna mini. Na datse ɗaurin. Na laluɓo wayar na rataye a fil, na ja sau uku. Na ɗaure sau biyu. Na shafa mai ya yi yawa, ya girgiza kai, na goge. Na murɗa tiyo, na ɗaura jar fata, na juya agogo wajen bango na buɗe tukunya. Muka yi shiru. Na bi kowace gaɓa da kunne. Ba inda ke zuba. Abin da ke fito a ɗakin ɗaya ne, kuma ba ni da zoben da zan sa masa.

Ya nuna in sa rigar. Ta yi mini yawa, kafaɗun suna zamewa. Na ciji babban baki, na durƙusa a gaban gado taku ɗaya. Sai ya yi murmushi ya ja hannu a wuyansa.

Na cire bakin na juya shi na miƙa masa. Tiyon ya kai daidai, bai rage ba bai yi saura ba. Na ɗauki ƙaramin na ciza, wanda ya taurara da ƙirjinsa, na ja, iska ta zo. Ya rufe ido ya shaƙa sau uku, a hankali, fuskarsa ta saki kamar mutumin da ba abin da ya taka, ba abin da ya riƙe. Ni kuwa na tsaya hannuwana a cinya, hawaye yana bin robar yana shiga bakina. Ya buɗe ido ya cire bakin, ya huta, ya dubi hannuwan nawa.

Ya ce, "Kin ɗaura daidai, Kabtin. Amma kin manta abu ɗaya. In kin ba mutum baki, sai ki riƙe shi, kar ruwa ya raba ku."